Wanda Ya Shigar

Litinin, da hantsi

Babu wanda ya biya mini makaranta bayan sakandare, a nan na tsaya. Kwamfuta a shagon buga takardu na koye ta, ina share musu ƙasa da safe, su bar ni in taɓa madannai idan sun fita cin abinci. Babur ɗin da na zagaye garin nan da shi ni na saya, tsoho, ni na tayar da shi. Lungu-lungu na bi ina tambaya ina rubutawa, har taswirar da yau kowa ke buɗewa a wayarsa ta zama taswira. Akwatin ƙarfen da sabar kamfaninmu, babbar kwamfutar da ke riƙe da taswirar, ke zaune a ciki ma ni na auna, na kai wa mai walda, na tsaya a kansa har ya gama. Na gina gida ɗaki uku da falo. Na aurar da 'ya'ya biyu. Ban taɓa durƙusa wa wani don neman alfarma ba.

Na rubuta wannan ne saboda an yi wata magana yau a ofis, kuma ba na son in ba da amsa da baki, na san bakina.

Mako guda ke nan ruwa na kwance a rabin gari. Kowa da dalilin da yake bayarwa, wannan ba aikina ba ne. Aikina taswira ta faɗi gaskiya: wace hanya ke biyuwa, wacce ta yanke. Da can mutum ya buɗe ta sau ɗaya a yini ya rufe. Yanzu gari gaba ɗaya yana kanta tun asuba, masu motocin agaji, masu neman 'yan'uwansu, har da waɗanda ke zaune lafiya a kan tudu suna leƙen unguwar wasu. Saba tana nishi. Gyaran da aka turo da safe sai bayan la'asar yake fitowa.

Talata, bayan azahar

Bari in rubuta maganar jiya yadda aka yi ta.

Injiniya ce ta kira ni. Yarinya ce, ba ta kai talatin ba, digirinta biyu, wata shida da zuwanta. Ba ta da raini, wannan zan faɗa mata.

"Baba, zo ka gani."

Na je na tsaya a bayan kujerarta.

"Faifan ajiya ya cika har wuya. Saba ba ta da wurin juyawa, shi ya sa gyare-gyaren ke yin layi. Kuma abin da ya cinye wurin tarihi ne."

Na san tarihi, ni na kafa shi. Duk layin da aka sa a taswira, a ƙarƙashinsa akwai wanda ya shigar, da ranar, da dalili. Masu waya ba sa gani, amma yana nan. Shekara goma sha shida yana taruwa.

Na ce, "To?"

"In aka sauke shi, gyara zai riƙa shiga kafin mutum ya sha ruwa ya ajiye kofi."

"A sauke shi a ina?"

Ta ɗan juya biro a hannunta. "Babu inda za a sauke shi, Baba. Gogewa nake nufi."

Kwafinmu na ajiya yana reshen hayin kogi, a ɗakin ƙasa. Ba sai na faɗi halin da ɗakin ƙasa ke ciki ba. Sababbin faya-fayan da aka yi oda suna cikin wata mota a bayan ruwa, direbanta ma ya daina ɗaga waya.

Na ce mata zan duba. Na koma mazaunina na goge gilashina, alhali ba datti a jikinsa.

Laraba, da safe

Ruwa bai sauka ba. Layin gyare-gyare bai ragu ba.

Alhamis, bayan magariba

Muna gidan yayata, a bene, tun da ruwa ya ci namu. Gida uku a ɗaki biyu. Da rana ana jingine katifu a bango, da yamma a shimfiɗa, in za ka banɗaki sai ka tsallake ƙafafun mutanen da kake jin nauyinsu. Autarmu ta tambaye ni ko ina ganin keken ɗinkinta zai yi aiki in ya bushe. Na ce a miƙo mini ruwan wanke hannu.

Na ba matata labarin Injiniya, yadda take son goge aikin shekara goma sha shida kamar mai share allo. Tana ninke kaya ta ce, "Ai kai ka san aikinka." Can kuma ta ƙara, "Saba, saba. Ka saba da ita har ka fi jin tarinta a kan namu."

Ƙanin matata ya shigo jiƙe har gwiwa. Direba muke ce masa, yanzu tankar ruwan sha yake ja wa masu agaji. Tun yana ɗan makaranta ba ya ganina ya ƙyale.

"Yaya, taswirarka ta kai ni Layin 'Yan Katako yau. Inda ta ce in yi kwana, kwale-kwale na tarar ya yi fakin."

"Kai da ka koyi tuƙi da baro, kwale-kwalen ma ai ci gaba ne."

"Wallahi da na san haka take, da na tambayi agwagwa hanya."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma na san gyaran Layin 'Yan Katako. Na gan shi da idona a layi, tun hantsi yake jira.

Asabar, da hantsi

Na zo ofis ko da yake ba ranar aikina ba ce. Na'urar sanyaya ɗakin saba ta gaza, mun buɗe ƙofa mun kafa fankoki biyu, takardu sai tashi suke yi. Na zauna na buɗe tarihi, in ga abin da ake cewa a goge.

Layin Agwagi. A ƙasa na rubuta: hukuma ta ce Titi na Tara, tsohuwar da ke gidan kusurwa ta ce tun kafin a kawo ta gidan miji Layin Agwagi ne, na sa duka biyun. Kwanar Mai Kunne Ɗaya: wani tela ne, ya rasu, jikokinsa sun roƙi kar a canza. Lungun Kar-ka-dawo: mota ba ta fita, na gwada da babur na bar fatar gwiwata a can.

Shafi bayan shafi, kuma a gefen kowane layi sunana. Daga baya sunayen yaran da na koya wa aiki suka fara shigowa, amma in ka ɗebi goma, bakwai nawa ne.

Ba don sunan kaɗai nake magana ba. Layin Agwagi yanzu rufin gidaje kawai ake gani. Tsohuwar ta daɗe da rasuwa. In ruwa ya janye aka zo sake gini, masu auna ƙasa za su zo da Titi na Tara a takardarsu, wa zai ce musu ga yadda aka yi? Taswira za ta riƙe sunan, amma dalilin yana ƙasa.

To, har da don sunan. Me ya sa zan ɓoye wa littafina?

Litinin, bayan azahar

Manaja ya kira mu ofishinsa, ni da Injiniya. Idanunsa sun yi ja, waya biyu a gabansa suna ta haske.

"Babban yaya," haka yake ce mini in yana son abu, "masu agaji sun kira sau ba adadi. Motocinsu na bin hanyoyin jiya."

"Ranka ya daɗe, faifai na hanya."

"Yana hanya tun wancan makon."

Mabuɗin tarihi a hannuna yake ni kaɗai. Haka na tsara tun farko, don kar wani ya taɓa abin da aka riga aka rubuta, kuma a lokacin kowa ya yaba. Manaja ya san haka. Ya ce ba zai tilasta ni ba, ya ce ya san abin da aikin nan ya ci mini. Da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi.

Na ce a ba ni kwana biyu.

Da muka fito baranda Injiniya ta tsayar da ni. "Baba, in kana tunanin kwafe shi zuwa wani faifai, don Allah kar ka yi da rana. Da dare ma ban tabbata za ta ɗauka ba. Jan abu mai nauyin nan zai shaƙe ta."

Na ce mata na girmi sabar nan, na san abin da take iya ɗauka.

Talata, la'asar

Surukina, mijin babbar 'yata, yana da shagon kayan waya a kan tudu. Ya ba ni faifai na hannu, ya rantse sabo ne. Ya ƙi karɓar komai. Yana aljihun rigata yanzu, bai fi sabulu girma ba. Shekara goma sha shida a cikin sabulu.

Da dare janareta ɗaya muke bari, ba na yarda da shi. Da azahar mutane kan ɗan sauka daga taswira, na lura da haka tun da daɗewa.

Laraba, magariba

Babu abin rubutawa.

Alhamis, da safe

Saba ta tsaya jiya daga azahar zuwa bayan la'asar. Abubuwa da yawa na sa saba ta tsaya. Akwai zafi, akwai wuta mai rawa, akwai tsufa.

Da Injiniya ta dawo daga cin abinci ta ga allon, ta dubi bayan akwatin, ta zare abin da ta gani a soke ta ajiye mini a kan tebur. Faifan surukina ne. Ita ta tayar da sabar, ni ina riƙe mata fitila. Ko rabi bai kwafu ba, wanda ya kwafun ma ba ya buɗewa.

Da ta tashi, layin ya ninka.

Alhamis, bayan azahar

An kira matata daga asibiti.

Rahoton Gadar Ƙarfe ya shigo jiya da azahar, cewa gefenta ya zabtare. Ya shiga layi ya tsaya tare da sauran. Yau da sassafe taswira tana nuna gadar lafiya lau.

Tankar ta kwanta a gefe. An ciro Direba da rai. Ƙafa ce ta karye.

Juma'a, la'asar

Ɗakin asibitin gado takwas ne, an cusa goma sha ɗaya. Direba yana ta bakin taga, ƙafar a rataye da igiya, fuskarsa ta kumbura gefe guda. Matata na zaune a kan bokiti tana ɓare masa lemo.

Yana ganina ya fara. "Ga mai gari da lungunansa. Yaya, ka zo ka sa gadon nan a taswira, a rubuta hanya ba ta biyuwa."

"Bakinka dai bai karye ba."

"Shi likita ya fara dubawa, ya ce wannan sai dai haƙuri." Ya yi dariya, ta tsaya masa a haƙarƙari, ya runtse ido. Da ya buɗe sai ya ce, a hankali, "Na ga ruwan ya yi wani iri a bakin gadar, ka sani. Na ɗan tsaya. Sai na duba waya, na ce Yaya bai taɓa ɓatar da ni da gangan ba."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na gyara masa matashin da ba ya buƙatar gyara.

Matata ta rako ni matakala. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne.

"Abin nan da yarinyar ofis ɗinku ta ce a goge, da an goge, da gadar ta fito a wayarsa?"

Na ce maganar ba ta da sauƙi haka.

"Na sani. Ni ban yi boko ba. Da ta fito?"

Wasu masu ɗauke da mara lafiya suka zo wucewa, muka matsa jikin bango. Kafin su gama wucewa ta koma ciki.

Asabar

Ruwa bai sauka ba.

Lahadi, da hantsi

Na zauna a barandar yayata ina kallon mutane a ƙasa. Kusan kowa kansa a sunkuye, waya a hannu. Wata mata da yaro a baya da buhu a ka ta tsaya a mararraba, ta duba waya, ta yi hagu. Ban san ko hagun nan na yau ne ko na shekaranjiya ba. Ni da na yi taswirar ban sani ba.

Na daɗe ina ɗauka cewa abin da na gina shi ne abin da ke ƙasa, tarihin, wanda ya nuna wahalar. Na sama ai kowa na iya zanawa in ya samu hoton jirgi. Matar nan ba ta san akwai ƙasa ba. Ba ta san da ni ba, kuma ta yi hagu a kan maganata.

Direba za a yi masa aiki ranar Talata. Sun ce zai taka, tuƙin babbar mota ne ba su yi alkawari ba.

Litinin, bayan la'asar

Kwana biyun da na roƙa sun zama mako. Manaja ya daina kirana babban yaya, ya daina kirana gaba ɗaya.

Injiniya ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, ka san da tarihin nan na koyi garin nan? Ni ba a nan na tashi ba. Watana na farko, kullum in an tashi sai in zauna in yi ta karantawa. Na san inda kare ya bi ka. Na san inda aka ɗauke ka ɗan leƙen asiri aka zaunar da kai a gidan mai unguwa."

"Wannan ba kare ba ne, kura ce aka yi wa aski."

Ta yi dariya, sannan ta ce, "In hannunka ba zai iya ba, ka buɗe mini kawai ka fita. Ni zan danna. Sai ka ce ni ce."

Na kalle ta. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, na sani. Amma raina ya ɓaci fiye da ranar da ta fara kawo maganar.

"'Yata, tun da nake ban taɓa aika wani ya ɗaukar mini kayana ba. Gobe da safe."

Talata, da hantsi

Na yi wanka na sa farar rigata, wadda ta tsira saboda tana wurin mai guga ranar da muka fito. Na iso kafin kowa, mai gadi ne kawai da rediyonsa.

Na buɗe tarihi na fara ɗaukar hoton allon da wayata. Na ɗauki Layin Agwagi, na ɗauki na telan. Sai na ga in na biye wa wannan, azahar za ta same ni ina zaɓe, kuma duk wanda na bari zai zama kamar na ce bai kai ba. Na ajiye wayar.

Injiniya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa. Na sa mabuɗin. Na rubuta umarnin da kaina, na karanta shi sau biyu. Saba ta tambaye ni ko na tabbata. Shekara goma sha shida ba ta taɓa tambayata ra'ayina ba sai yau.

Ban san me na zata ba. Ko ƙara, ko ɗaukewar wuta. Fankoki suka ci gaba da juyawa. Rediyon mai gadi yana ta tallar maganin sauro.

Talata, la'asar

Layin ya ƙare kafin azahar. Yanzu gyara na shiga kafin wanda ya turo ya mayar da waya aljihu. Yarinyar ta yi gaskiya, kuma na faɗa mata a gaban kowa, don ba na cin haƙƙin mutum.

An fito da Direba daga ɗakin tiyata. Matata ce ta kira ta faɗa mini. Ta tambaya ko na ci abinci.

Alhamis, da safe

Na danna Lungun Kar-ka-dawo don in gani. Sunan yana nan. A ƙasa, wurin wanda ya shigar, fili ne fari.

Na danna layin gidana. Haka.

Asabar, bayan azahar

Ruwa ya fara ja da baya, an ce ana ganin kan tagogi a unguwarmu. Ban je ba tukuna.

Motar faya-fayan ta iso jiya. Injiniya ta ɗaura su, wuri ya samu har ya yi yawa, ta ce ranar Litinin za a kunna sabon tarihi daga farko. Manaja kuma ya rubuta wa masu agaji bayani, ya manna kwafi a allon sanarwa. Ya ce sashen fasaha ya ɗauki matakin rage nauyin saba. Sashen fasaha. Na karanta ina tsaye, na sake karantawa.

Na tambayi Injiniya ko gogewar ta bar alama a wani wuri, ko da layi ɗaya mai cewa wane ne ya yi. Ta ce a'a, ai wurin da zai riƙe alamar shi ne aka goge.

Saboda haka na shiga wurin Manaja ban ƙwanƙwasa ba. Ya ɗago yana murmushi, babban yaya ya dawo bakinsa, ya ce ai da ma yana shirin a yi mini wata 'yar walima in abubuwa sun lafa.

Na ce ba na son walima, ba na son agogon bango. Ranar Litinin, kafin a shigar da ko lungu ɗaya a sabon tarihin nan, layin farko nawa ne. A rubuta cewa akwai tarihi kafin wannan, na shekara goma sha shida, kuma an goge shi ranar Talata da hantsi. A rubuta cewa an nemi a goge tun mako biyu kafin nan, wanda ke riƙe da mabuɗi ya jinkirta, kuma a cikin jinkirin Gadar Ƙarfe ta karya wa mutum ƙafa. A rubuta cewa da ya tashi gogewa babu wanda ya riƙe masa hannu.

Ya ce, "Na tsakiyar nan ai ba sai an sa ba."

Na ce duka ko babu, kuma babu ɗin ba zan yarda da shi ba. Ni na jinkirta, ni na goge, ba sashe ba. A wurin wanda ya shigar kuma kar a sa mini Baba, kar a sa babban yaya, kar a taƙaita shi zuwa haruffa biyu yadda yaran nan ke yi. A rubuta sunana cikakke, da na mahaifina, kuma ina tsaye a wurin za a rubuta.